Daga Gona Ingancin Takarda Yake Farawa: Ɗaurin Liginin da Dangin Sukari a Cikin Itace

Gabatarwa

Ya ku malaman gona da manoma, kusan duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da masana'antun takarda na ƙasar nan, shawarar da akan ba ku ɗaya ce, wato ku dasa itatuwa. Shawara ce mai kyau, amma ba ta cika ba. Ba a faɗa muku wane itace za ku dasa ba, ko a wace ƙasa, ko shekara nawa zai yi kafin a sare shi, ko kuma dalilin da ya sa masana'anta za ta karɓi lodin wani manomi ta ƙi na maƙwabcinsa. Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin jikin itacen, a wani ɗauri da ido ba ya gani, wanda ya haɗa sinadarin liginin da dangin sukari. Ra'ayina shi ne, duk malamin gonar da zai ba manomi shawarar dasa itace domin takarda, wajibi ne ya fara fahimtar wannan ɗauri, domin shi ne yake yanke yawan kuɗin da za a kashe wajen dafa itacen, da yawan ƙullun takardar da za a samu, da kuma farashin da za a iya biyan manomi.

Abubuwa uku da suka haɗu suka zama itace

Idan aka busar da itace, abubuwa uku ne suka ɗauki kusan dukkan nauyinsa. Na farko shi ne selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Dogayen sarƙoƙi ne na sukari da suka jeru suka yi ƙarfi, kuma shi ne ainihin abin da mai yin takarda yake nema. Auduga kusan selulos ce zalla. Masanin Faransa Anselme Payen ne ya ware shi daga jikin tsiro a shekarar 1838. Na biyu shi ne hemiselulos, shi ma dangin sukari ne, amma sarƙoƙinsa gajeru ne masu rassa. A itatuwa masu faɗin ganye, mafi yawansa wani nau'i ne da ake kira zailan. Na uku shi ne liginin, wanda ba dangin sukari ba ne. Shi ne yake manne zaruruwan itace da juna, ya ba itace tauri, ya hana ruwa da ƙwari da ruɓa saurin cinsa. Ya kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma itatuwan ƙasashe masu zafi irin namu sukan fi kusa da kashi 30 ɗin.

Ku dubi ginshiƙin kankare. Rodi shi ne selulos, siminti shi ne liginin, wayar da aka ɗaure rodin da ita kuwa ita ce hemiselulos. Aikin masana'antar takarda shi ne ta narkar da simintin, ta fitar da rodin lafiya ba tare da ya karye ba. Wahalar tana nan, domin a cikin itace simintin bai tsaya ga kwanciya a kan wayar kawai ba, a wurare da dama ya ƙulle da ita ƙullewar sinadari.

Masana sun kasa itatuwa gida biyu. Akwai masu faɗin ganye, waɗanda a littattafai ake kira itatuwa masu tauri, kamar malaina da turare da maɗaci da doka. Akwai kuma masu ganye siriri kamar allura, irin su fayin, da ake kira masu laushi. Kada sunan ya ruɗe ku, domin malaina ba ta da tauri sosai amma tana cikin gida na farko. Zaren itatuwa masu faɗin ganye gajere ne, kimanin milimita 1, na fayin kuwa ya kan kai milimita 3. Gajeren zare yana ba takarda santsi da kyawun ɗaukar rubutu, dogon zare kuma yana ba ta ƙarfin da ba za ta yage da sauri ba. Shi ya sa akan gauraya su.

Yadda ɗaurin yake da ire-irensa

Itace yakan fara gina bangon ƙwayoyin jikinsa da selulos da hemiselulos, daga baya ya zuba liginin a tsakaninsu. Yayin da ƙananan gaɓoɓin liginin suke haɗuwa da juna, akan samu wani ɗan lokaci da kowace gaɓa take da hannu a buɗe. Galibi ruwa take kamawa, amma idan sarƙar sukari ce a kusa, sai ta kama ta. Daga nan liginin da sukari sun zama jiki ɗaya. An daɗe ana zargin haka, amma a shekarun 1950 ne Anders Björkman na ƙasar Suwidin ya niƙe itace lilis, ya fitar da wani kaso wanda liginin da sukarin cikinsa suka ƙi rabuwa ko da an wanke su da abubuwan narkarwa iri-iri.

Manyan ire-iren ɗaurin guda uku ne. Na farko ɗaurin esta, wanda yakan haɗa liginin da wasu rassa masu tsami da ke jikin zailan. Wannan ba ya jure soda, da zarar ruwan dahuwa ya taɓa shi sai ya kwance. Na biyu ɗaurin ita, wanda yake da taurin kai, yawancinsa yakan tsallake dahuwar soda. Na uku ɗaurin gilaikosaid, wanda yake haɗa bakin sarƙar sukari da zoben liginin, shi ma yana da juriya gwargwado. Bincike ya nuna cewa a itatuwa masu faɗin ganye ana samun ɗaurin esta da na gilaikosaid da yawa, ɗaurin ita kuwa ya fi fitowa fili a itatuwa irin su fayin.

Adadin waɗannan ɗauri kaɗan ne idan aka kwatanta da sauran haɗe-haɗen da ke cikin liginin, amma tasirinsu babba ne. Akuya komai girmanta igiya ɗaya ce take tsare ta a turke. Haka nan ɗauri ɗaya tak ya isa ya hana babban gutsuren liginin fita daga cikin zare, ko da an tsinke dukkan sauran abubuwan da suka riƙe shi.

Abin da ke faruwa a tukunyar dahuwa

Hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce hanyar Kraft, wadda Carl Dahl ya ƙirƙiro a Jamus a shekarar 1879. Kalmar tana nufin ƙarfi da Jamusanci, saboda ƙarfin takardar da take bayarwa. Akan sassare itace ƙanana, a zuba a babbar tukunyar ƙarfe tare da soda irin ta masu sabulu da wani gishiri mai ɗauke da farar wuta, a dafa a zafin digiri 150 zuwa 170 a ma'aunin Salshiyos.

Dahuwar tana tafiya mataki uku. A matakin farko soda tana kwance ɗaurin esta, ta narkar da wani ɓangare na hemiselulos, amma liginin kaɗan ne yake fita. A mataki na biyu ne mafi yawan liginin yake tsinkewa ya narke cikin ruwan, ruwan ya koma baƙi ƙirin. A mataki na uku sai aikin ya yi sanyi. Ragowar liginin tana fita a hankali ƙwarai, alhali soda ta ci gaba da cin selulos da zailan. Binciken da aka yi a birnin Stockholm a shekarun 2000 ya nuna cewa mafi yawan liginin da ya rage a cikin ƙullun takarda bayan dahuwa a ɗaure yake da dangin sukari. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa yake ƙin fita.

A nan ne mai masana'anta yake tsakanin abu biyu. In ya ci gaba da dafawa domin ya kori ragowar liginin, zai yi asarar zare, ƙarfin takarda ya ragu. In ya sauke da wuri, ƙullun zai fito da duhu, ya buƙaci magungunan bilicin masu tsada domin ya yi fari. Ana auna ragowar liginin da wani ma'auni da ake kira lambar kapa. A itatuwa masu faɗin ganye akan sauke dahuwa idan lambar ta kai 14 zuwa 20. A irin wannan dahuwa, kilo 100 na busasshen itace yakan ba da wajen kilo 50 na ƙullu. Ku lissafa da kanku: a tan 1,000 na busasshen itace, raguwar kashi 1 cikin ɗari asarar tan 10 ce ta ƙullun takarda. Masana'antar da take wannan asara kullum, daga farashin da take biyan manomi za ta fara rage ta.

Akwai ƙarin abubuwa biyu da suka shafi itatuwa masu faɗin ganye musamman. Na farko, liginin ɗinsu ya ƙunshi gaɓoɓi iri biyu, sirinjil da gwayasil. Gaɓar sirinjil ba ta da wurin yin wasu haɗe-haɗe masu wuyar tsinkewa, saboda haka itacen da ya fi yawan sirinjil ya fi saurin dahuwa, ya fi ƙarancin cin soda, ya kuma fi ba da ƙullu. Yawan sirinjil ya bambanta daga wani irin itace zuwa wani, har ma tsakanin itatuwa biyu na iri ɗaya, kuma abu ne da ake gado. Na biyu, rassan nan masu tsami na jikin zailan sukan rikiɗe a cikin soda mai zafi su zama wani sinadari da ake kira hekzenuronik, wanda yake shanye maganin bilicin kamar liginin. Masanan ƙasar Finlan ne suka bayyana shi a tsakiyar shekarun 1990, aka kuma samo hanyar cire shi da ruwan tsami mai zafi. A ƙasar dai, tun 1986 aka nuna cewa idan aka sa wani sinadarin halitta mai yanka zailan kafin bilicin, liginin yakan fi saurin fita. In ka yanke igiyar, akuya ta bar turke.

Darasin da ke cikin tarihinmu

Gwamnatin tarayya ta gina manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba da ke jihar Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku da ke jihar Akwa Ibom, wadda ta fara yin takardar jarida a 1986, da ta Iwopin da ke jihar Ogun. An dasa dubban hekta na malaina a dazuzzukan Omo da Oluwa a jihohin Ogun da Ondo domin ciyar da ta Iwopin. Kafin ƙarshen shekarun 1990 dukkansu sun tsaya, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Dalilan sun haɗa da rashin kayan gyara, da ƙarancin kuɗin waje, da dogaro da dogon zare da sinadarai daga ƙetare. Malainar da aka dasa domin a sare ta tana ƙarama sai ta tsufa a tsaye, aka koma yanka ta katako.

Ita malaina asalinta daga Indiya da kudu maso gabashin Asiya take, kuma tun zamanin Turawa aka shigo da ita. Tana saurin girma, tana da farin jiki, tana dahuwa ba wahala, tana kuma sake tohowa daga kututture. Amma tana son ƙasa mai zurfi da ni'ima. Attajirin Amurka Daniel Ludwig ya koyi wannan da tsada. A 1967 ya sayi makeken fili a yankin kogin Jari na ƙasar Birazil, ya dasa malaina, har ya sa aka ƙera masana'anta a Japan aka jawo ta bisa teku a 1978. A wuraren da ƙasa take da yashi malainar ba ta yi girman da aka zata ba, dole aka sauya ta da fayin da turare, shi kuma ya sayar da aikin a 1982.

A ƙasar Birazil ɗin dai aka samu misali na biyu. Kamfanoninta sun shafe shekaru suna zaɓen turaren da ya fi girma da sauri, ya fi kuma dacewa da tukunya. Suna auna nauyinsa da yawan liginin da irin gaɓoɓinsa, sannan su yawaita zaɓaɓɓen ta hanyar dasa reshe. Suna sarewa a shekara 6 zuwa 7, kuma itacen da yake shiga tukunya kusan duk halinsa ɗaya. Da wannan ne Birazil ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙullun takarda zuwa kasuwannin duniya. Aikin gandun dashe da ɗakin gwaji ne ya kai ta nan, kafin a zo maganar injin.

Dalilin da ya sa dajinmu bai dace da tukunya ba

Akwai masu ganin cewa tun da muna da daji, sai kawai a tara abin da aka samu a kai masana'anta. Ban yarda da wannan ba. A fili ɗaya na dajin arewa za ka tarar da doka da maje da marke da kirya da kawo. Kirya da ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke neman gawayinta, ba za ta dahu lokaci ɗaya da maje mai sauƙin nauyi ba. Kowane da nauyinsa, da yawan liginin ɗinsa, da irin ɗaurinsa, da kuma ƙaro da launin da ke zuciyarsa. In aka haɗa su tukunya ɗaya, kafin mai tauri ya nuna mai laushi ya lalace, kamar mai dafa tsohon wake da sabo tare. Sakamakon shi ne a ci soda da yawa, a samu ƙullu kaɗan, a kuma yi asarar dajin da ke ba mu inuwa da magani da abincin dabbobi. Itacen takarda amfanin gona ne, shuka shi ake yi domin wannan aiki.

Shawarwari ga malaman gona da manoma

1. Ku dasa iri ɗaya a fili ɗaya, daga gandun dashen da aka san asalin irinsa. Kada ku tsinci iri a ƙarƙashin karkataccen itace ko mai yawan rassa, domin hali gado ne.

2. Ku daidaita itace da ƙasa. Malaina ta fi son ƙasa mai zurfi da wadatar ruwan sama. A wurare masu ƙarancin ruwa wasu ire-iren turare sun fi jurewa. Tazarar mita 3 da mita 3 tana ba da itace 1,111 a hekta, ta mita 2.5 da mita 2.5 kuma 1,600.

3. Ku rubuta shekarar dashe. Malainar takarda akan sare ta tana shekara 7 zuwa 10. Idan itace ya tsufa, zuciyarsa takan faɗaɗa ta cika da ƙaro da launi, waɗanda suke shan soda suna hana ruwan dahuwa ratsawa. Tsohon itace ya fi riba a wajen masu katako.

4. Kada ku gauraya iri daban-daban ko shekaru daban-daban a lodi ɗaya.

5. Ku yi layin kashe gobara kafin kaka ta wuce. Gawayi ba ya narkewa a soda, bilicin kuma ba ya mayar da shi fari, don haka ƙonannen itace yakan ɓata takarda da baƙaƙen ɗigo.

6. Ku ɓare ɓawo, ku ɗaga gungume daga ƙasa, kada ya shafe damina a kwance. Ɓawo yana cin soda, yashi yana cin wuƙaƙen inji, ruɓa kuma tana cin zaren da za a saya.

7. Kada malamin gona ya yi wa manomi alkawarin kasuwar da ba ta tabbata ba. Duk wanda zai dasa fili mai yawa domin wata masana'anta, ya nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta bayyana iri da shekaru da farashi.

Wani manomi zai ce, ina amfanin wannan duka alhali babu masana'antar da ke sayen itace a kusa da ni? Tambaya ce mai hujja. Amsata ita ce, itacen da aka kula da shi bisa waɗannan ƙa'idoji shi ne kuma ya fi daraja a wajen masu katako da masu neman turaku, don haka manomi bai yi asara ba ko ta ina kasuwa ta fito. Bugu da ƙari, itacen da za a sare bayan shekara 8, bana ake dasa shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amfanin wannan ilimi a garke

Irin wannan ɗauri yana nan a cikin karan dawa da na masara da bambaron shinkafa. Idan tsiro ya ƙosa, liginin yana ƙaruwa ya rufe dangin sukarin da ƙwayoyin cikin tumbin saniya suke narkarwa. Shi ya sa ciyawar da aka yanka kafin ta tsufa ta fi ƙosar da dabba. A dangin ciyawa, babban ɓangare na ɗaurin esta ne, wato wanda ba ya jure abu mai kaifin soda. Wannan ne sirrin gyaran kara da takin yuriya: a narkar da kilo 4 zuwa 5 na yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na sassaren busasshen kara, a danne a rufe da leda mako 2 zuwa 3. Yuriyar takan rikiɗe ta zama iska mai kaifi wadda take kwance ɗaurin. Sai a buɗe ya sha iska kafin a ba dabba. Wannan na shanu da tumaki da awaki ne da suka girma, kuma a kiyaye kada dabba ta lashi yuriyar ko ta sha ruwanta, domin tana kisa.

Kammalawa

Kirana ga cibiyoyin bincikenmu da jami'o'i shi ne, kafin a raba wa manoma kowane irin dashe da sunan itacen takarda, a fara auna shi a ɗakin gwaji: yawan liginin ɗinsa, da rabon sirinjil da gwayasil, da sodar da yake ci, da ƙullun da yake bayarwa a shekaru daban-daban. A kuma ci gaba da aiki kan fayin da rama, waɗanda zarensu ya fi tsawo, domin rage dogaro da na ƙetare. Sakamakon gwajin ya isa hannun malamin gona cikin harshen da manomi yake ji. Ku kuma malaman gona, idan manomi ya tambaye ku wane itace zai dasa domin takarda, ku fara tambayarsa irin ƙasarsa, da wanda zai saya, da shekarar da yake sa ran sarewa, sannan ku ba shi dashe. Allah ya ba mu damina mai albarka.